Wasiƙa zuwa ga ƙanena a Houston

Ƙanena,

Ina fatan kana lafiya kuma karatu yana tafiya daidai. Inna da yara duk suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na ji labarin shagon bindigogin da abokanka suka kai ka, da niyyarka ta sayen guda ka ajiye, har ka taho da ita gida saboda 'yan bindigar da suka addabi ƙauyukanmu. Na san tausayinmu ne ya kawo wannan tunani, amma wallahi hankalina ya tashi.

Abokan naka 'yan ƙasa ne. Tun 1791 kundin tsarin mulkin Amurka ya ba su 'yancin mallakar makami: mutum ya cike takarda, mai shago ya bincika sunansa a wurin hukumar FBI, sau da yawa cikin 'yan mintuna a miƙa masa. Jihar Texas ma tun 2021 ta yarda mai shekara 21 ya fita da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Kai kuwa da bizar ɗalibi ka shiga, kuma dokar tarayya ta hana irinku riƙe bindiga, sai a 'yan keɓaɓɓun yanayi kamar na mai lasisin farauta. Idan aka kama ka, gidan yari ne, kora ta biyo baya.

Kada wannan sauƙi ya burge ka. A jiharku ne, a garin Uvalde, wani matashi ya sayi bindigogi a shago bisa doka daga cikarsa shekara 18, ya shiga makarantar firamare a 2022 ya kashe yara 19 da malamai 2. Da Birtaniya ta ɗanɗana irin wannan baƙin ciki a garin Dunblane a 1996, shekara na zagayowa ta haramta wa farar hula ƙananan bindigogi. Ni dai ina ganin su suka yi daidai.

A nan gida, dokar makamai ta 1959 ta ɗora ba da lasisi a hannun shugaban ƙasa da Sufeto Janar na 'yan sanda. Wanda ya shigo da bindiga ba izini, tun daga filin jirgi kwastam za su damƙe shi. Me zan faɗa wa Inna ranar?

Don Allah ka janye wannan magana, kada ma ka karɓi ajiyar ta wani. Ka kira ni ranar Juma'a in ji daga bakinka.

Naka,
Yayanka