Mita Uku a Gefen Titin BUK



Duk wanda ya daɗe a makarantar nan ya ga yadda kekuna suka yi yawa a bakin ƙofa cikin 'yan shekarun nan. Dalilin kuwa kowa ya san shi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin adaidaita sahu kuma ya bi bayanta. Uban da ke da 'ya'ya huɗu ko biyar a makaranta ya zauna ya yi lissafi, ya ga gara ya sayi keke ɗan gwanjo sau ɗaya da ya riƙa ba da kuɗin mota kullum. Ni ma ta haka na samu nawa. Daga wajen Kabuga nake tako shi, in biyo Titin BUK, safe da rana, kwana biyar a mako.

Wanda bai taɓa hawa keke a wannan titi da ƙarfe bakwai da rabi na safe ba, bari in gaya masa yadda abin yake. Mai keke ba shi da wuri nasa. A hagunka motoci ne ke wucewa da gudu, a damanka kuma lambatu ne ya buɗe baki. Ɗan siririn wurin da ya rage a tsakani, nan ne yashi ke taruwa, nan ne ɗan adaidaita ke tsayawa ba zato idan ya hango fasinja, nan ne mai mota ke fakawa ya buɗe ƙofa ba tare da ya waiwaya ba. Idan tifa ta wuce kusa da kai, iskarta kaɗai ta isa ta karkatar da kan keke. Mahaifiyata ba ta samun natsuwa sai ta ji ƙararrawata a zaure. Kuma tsoron nata yana da tushe, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a faɗin duniya. Duk ɗalibin da ke karanta wannan allo yana cikin waɗannan shekaru.

A hutun da ya wuce malaminmu na Jogarafi ya ba mu aikin gida: kowa ya zana taswirar hanyarsa ta zuwa makaranta, ya nuna abu ɗaya da zai gyara da a ce an ba shi iko. Ni da abokaina biyu muka zaɓi hanyar keke wadda aka ware daga kan kwalta, tun daga Kabuga har Ɗan Agundi. Abin da muka gano a wannan aiki nake so in ba ku labari.

Tambaya ta farko da Malam ya yi mana ita ce, me zai hana a ja farin layi kawai a gefen titi, a zana hoton keke, a huta? Amsar tana kan titin. Layin da aka ja don masu tsallakawa a ƙafa, motoci nawa ne ke tsaya masa? Fenti ba ya tare mota, kuma damina ɗaya da ƙurar hunturu ɗaya sun isa su shafe shi. Hanyar da uwa za ta yarda ɗanta ɗan aji ɗaya ya bi, sai wadda aka raba ta da titi da abin da taya ba za ta iya hawa ba: dakalin siminti, ko jerin bishiyoyi, ko lambatun kansa ya zama shi ne iyaka, mota a wancan gefe, keke a wannan.

Sai maganar faɗi. Kan keke bai kai mita ɗaya ba, amma mai keke ba ya tafiya a miƙe kamar zare, yakan ɗan yi lilo, musamman idan ya ɗauko jaka ko ya goyo ƙanensa. Shi ya sa masu tsara hanyoyi ke ware wajen mita uku ga hanyar da za a riƙa zuwa da dawowa a kanta. Mita uku taku huɗu ne na babban mutum. Muka yanki igiyar shanya daidai wannan tsawo, ranar Asabar muka bar kekunanmu a gida muka bi titin a ƙafa, muna shimfiɗa igiyar a gefe muna duba inda za ta kwanta.

Wuri iri uku muka tarar. Akwai inda igiyar ta kwanta lafiya lau, ba abin da ta taɓa sai ƙasa da ledoji, galibi a jikin dogayen katangu da wasu wurare ta ɓangaren badala. Akwai inda ta sauka a kan abincin wani: teburin mai shayi, injin mai faci, buhun mai rake, bencin masu jiran mota. Akwai kuma inda ta ƙare a bakin mahaɗa, inda motoci ke karya kwana su shiga gari ta Ƙofar Famfo ko Ƙofar Na'isa. Wuri na farko ba shi da wuya, ko mu ɗalibai za mu iya zana shi. Na biyu da na uku su ne ainihin aikin.

Wani dattijo mai shayi ya ga muna ja masa igiya a gaban tebur, ya kira mu ya ce, "Samari, lafiya? Ko rusau aka aiko ku ku auna?" Na ce, "A'a Baba, aikin makaranta ne," na yi masa bayani. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce shi ma jikansa da keke yake zuwa makaranta, kuma zai fi kowa murna da hanyar, amma da wannan tebur yake ciyar da gida, idan aka tashe shi ina zai nufa? Da muka tambaye shi yadda yake ganin za a yi, sai ya nuna mana cewa idan teburinsa ya ja baya taku biyu zuwa jikin katanga, hanyar za ta wuce ta gabansa ba tare da ya rasa ko mutum ɗaya cikin masu shan shayinsa ba. Ya kuma nuna mana wani kwari da ruwa ke kwanciya duk watan Agusta, abin da ba za mu taɓa gani ba tunda da rani muka je. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga nan na fahimci cewa gefen titi yana da masu shi, ko da ba su da takarda. Duk tsarin da aka zana a ofis ba a ji ta bakinsu ba, ɗayan biyu ne: ko a kore su da ƙarfi a jefa iyalai cikin yunwa, ko su dawo bayan wata ɗaya su kafa tebura a tsakiyar sabuwar hanyar. Idan kuwa aka ware wa kowa wurinsa tun a kan takarda, mai shayi da mai faci su ne za su zama masu gadinta. Mai faci ma kasuwa ce za ta zo masa har gida. Haka 'yan adaidaita: fasinja suke nema, don haka sai an yanka musu wuraren tsayawa a bakin kwalta, hanyar keke ta zagaya ta bayan wurin, yadda mai sauka daga adaidaita ba zai faɗo a gaban keke ba.

Mahaɗa kuwa ita ce wurin da rai ya fi shiga hatsari. A Najeriya tun 1972 hannun dama ake bi, saboda haka direban da zai karya dama dole ya ratsa ta kan hanyar keken da ke damansa, kuma sau da yawa idonsa na kan motoci, bai ga yaron da ke tahowa ta gefensa ba. Dabara uku muka rubuta a taswirarmu. Ta farko, kafin a iso mahaɗa hanyar keke ta ɗan janye daga babban titi kamar tsawon mota ɗaya, wato wajen mita biyar, domin direban ya gama karya kwana ya fuskanci mai keke ido da ido. Ta biyu, a ɗaga wurin tsallakawar ya zama tudu, dole mota ta rage gudu kafin ta hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutumin da mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa, sau tara cikin goma yakan rayu, amma idan gudun ya kai 45 damar ba ta kai rabi ba. Ta uku, kada a bar allon talla ko kiyos a kan kwana ya tare wa kowa gani. A gadar ƙasa ta Gadon Ƙaya da ta Kabuga kuma, mun zana hanyar ta bi ta sama, domin gangara da duhu da gudun mota ba wurin yaro mai keke ba ne.

Sauran abubuwan ƙanana ne a ido, amma su ke sa a bi hanya ko a guje ta. Dole ta ɗan karkata zuwa lambatu don kada ruwa ya kwanta. Murfin lambatu idan na ƙarfe ne, ramukansa su gitta hanya, in ba haka ba tayar keke za ta faɗa ciki. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ga shi da tsakar rana muke tashi, don haka ana buƙatar inuwar darbejiya, a dasa ta da ɗan nisa kada saiwarta ta ɗaga daɓen. Ana buƙatar fitilun sola saboda masu dawowa daga Islamiyya bayan magariba. A kowace mashiga a kafa turakun ƙarfe da tazarar da ta ɗan ɗara mita ɗaya: keke zai wuce, keken hannu na bayin Allah masu lalurar ƙafa zai wuce, adaidaita kuwa da faɗinsa ya haura mita ɗaya da kwata ba zai shiga ba. Babur ne turaku ba za su hana ba, wannan sai doka da idon jama'ar wurin. Ta ɓangaren badala kuma, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu shekaru kusan 900 da suka wuce, kada a taɓa ko hannu ɗaya na ƙasarta. Hanyar keke a gabanta ma kariya ce gare ta daga masu cin iyaka. Abu na ƙarshe, kada hanyar ta yanke a tsakiya ta zubar da yara cikin motoci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na san wani zai ce wannan aikin ƙasashen masu kuɗi ne. Mu duba Holan, wadda yau ake misali da ita. A 1971 hatsarin mota ya kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito kan tituna suna neman a daina kashe musu 'ya'ya. A 1973 kuma tsadar man fetur ta same su, har gwamnati ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi. Waɗannan abubuwa biyu, tsoron iyaye da tsadar mai, su suka tura su gina hanyoyin keke, kuma duka biyun muna da su a Kano yau. Garin da ya iya gina gadar sama a Ƙofar Nasarawa ba zai gaza daɓe mita uku ba. Kano kuma shimfiɗaɗɗen gari ne, ba hawa ba gangara, irin wanda keke ke so.

Shawararmu ita ce a fara da gwaji. A zaɓi yanki ɗaya tsakanin ƙofa da ƙofa, da izinin hukuma, a jera durom-durom da tsofaffin tayoyi da aka shafa wa fenti, a bar shi zangon karatu guda. A ƙirga kekunan da ke bi kafin gwajin da bayansa, a tambayi masu tebura da 'yan adaidaita abin da ya dame su, a gyara, sannan a zuba siminti.

Ga abin da ƙungiyar 'yan jarida ke roƙo. A ƙasan wannan rubutu mun manna kwafin taswirar. Duk ɗalibi ko malamin da ke bin titin nan, a keke ko a ƙafa, ya sa ɗigon jan biro a wurin da ya fi jin tsoro. Wanda hanyarsa daban ce ya zana tasa ya jefa a akwatin ƙungiya. Idan shugaban makaranta ya amince, za mu haɗa su da wasiƙa, mu bi ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai da masu unguwanni, mu miƙa wa hukumar tsara birane ta KNUPDA da KAROTA da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin Ranar Keke ta Duniya.

Kafin nan, 'yan uwana masu keke, a duba birki kowace safiya, a gyara ƙararrawa, a daina bin hannun da ba namu ba, a daina kama bayan tifa, goyo kuma kada ya wuce mutum ɗaya. Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya kwantar da hankalin iyayenmu, amin.

Daga wani ɗan aji biyar, mamba a ƙungiyar 'yan jarida.