Dala Ɗari da Biyar

Kafin in koma karatu Jami'ar André Salifou a Damagaram, na yi shekara uku ina malamin kwantiragi a wata lakwal ta ƙauye, yamma da Tanut, cikin ƙasar Belbeji. Ajin CM1 aka ba ni, rumfar zana, allo ɗaya, yara suna zaune a kan rairayi. "Mushe" suke ce mini kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal a ƙasar nan, ko da yake innata ba ta taɓa son sunan ba. Ta ce ita ba ta haifi mushe ba.

Wata rana na rubuta masu lissafi a allo, da Faransanci: sabulu ɗaya 175 F, nawa ne kuɗin uku? Amsar da ke cikin littafina 525. Wata yarinya da ke zama can baya, wadda uwarta ke sai da kayan miya ranar kasuwa, ta rubuta 105 a ardwaz ɗinta. Na ba ta zero, har da faɗa. Ba ta ce uffan ba.

Sai da dare, ina biyan mai shayi, abin ya faɗo mini. Kowa a Damargu ya san ba a ƙirga kuɗi da tamma a kasuwa, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya tamma biyar. Abin da takarda ke kira 100 F, dala ashirin ne a bakin mutane; 500 F ɗari ce; 1000 F jika. To 175 F dala talatin da biyar ke nan, kuma sau uku ya ba ka dala ɗari da biyar. Washegari na kira ta na ce ta gaya mini da Hausa yadda ta yi. Ta ce: "Mushe, ɗari dala ashirin ce, saba'in da biyar kuwa sha biyar, talatin da biyar ke nan. Talatin uku casa'in, biyar uku sha biyar. Ɗari da biyar." Wato yarinyar ta raba da biyar a ka, ta ninka da uku a ka, ta yi aikin da ya fi wanda na tambaya, ni kuma na ba ta zero. Daga ranar na sayi kaye guda, duk amsar da ta yi kama da wannan ina rubutawa, da kalmomin yaron yadda suka fito daga bakinsa.

Da na zo jami'a, wannan kaye ta zama tushen memwar ɗina. Malamin da ya duba aikin ya ce: "Malam, wannan bai kamata ya kwana cikin kabad ba. Ka mai da shi maƙala ka aika wa mujalla." Shi ya nuna mini Grand N da Petit x, mujallu biyu na IREM ta Grenoble a Faransa, ta farko don malaman firamare, ta biyu don na sakandare, kuma tsofaffin fitowarsu suna nan kyauta a intanet. Shi ya gaya mini Najeriya ma suna da Abacus, ta ƙungiyar malaman lissafi. Ni a da ban san akwai mutanen da sana'arsu ke nan ba, su zauna su yi nazarin dalilin da ya sa yaro ya rubuta 105.

Mujallar da na zaɓa ba zan faɗi sunanta ba, don maganarmu da su ba ta ƙare ba. Amma ga wanda ke da niyya a cikinku, ku sani kowace mujalla tana da takardar ƙa'idoji ga marubuta, kuma ita ce abin fara karantawa. Ni sai da na gama rubutu na karanta ta, na tarar na zarce iyakar harufan da suka yarda da kusan rabi. Suna son taƙaitawa ta ƴan layuka da Faransanci da Ingilishi, da kalmomi huɗu ko biyar da za a nemo maƙalar da su, da jerin littattafai bisa tsarinsu, har wurin da waƙafi zai zauna. Sunanka ba zai fito ko'ina cikin rubutun ba, don alƙalan da za su karanta kada su san kai ne, kai ma ba za ka san su ba. Sunan yara ma a canza. Kuma ba a aika maƙala ɗaya wa mujallu biyu lokaci guda. Budurwa ɗaya ake kai wa kuɗin gaisuwa.

Da ordinatar ta aro na buga, a Tanut lokacin hutu, in kuran ta zo. Sau biyu ina rasa shafuka. Wannan ba shi ne abin da nake so in ba ku labari ba, kowa nan ya san shi.

Abin da na yi wa rubutun da hannuna shi ne labarin. Na zauna ina tunanin farfesoshin da za su karanta, a Turai ko Dakar ko Abijan, sai kunya ta kama ni. Dala? Sabulu? Maganar ƴar mai kayan miya? Na ga abin ya yi ƙauyanci. Sai na mai da kowace dala tamma, na fassara maganar yaran zuwa Faransanci mai kyau irin wanda ba su taɓa yi ba, na rubuta cewa "wasu ɗalibai suna kuskuren ma'auni". Sannan na cika shafi shida da Guy Brousseau da ka'idarsa ta yanayin koyarwa, wadda gaskiya a lokacin rabinta na gane. Na karanta, na ji rubutun ya yi nauyi kamar na manya. Na aika.

Cikin jiran ne wasu saƙonni suka yi ta shigowa akwatina daga mujallun da ban taɓa ji ba, suna kirana Dakta, suna cewa za su buga mini cikin mako guda in na tura kuɗi. Wallahi na yi sha'awa. Malamina ya ce wanda zai karɓi maƙalarka cikin kwana bakwai bai karanta ta ba, kuɗinka ya karanta. Na haƙura.

Amsa ta zo bayan wata biyar, ana cikin girbin hatsi. Ba su ƙi ba, ba su karɓa ba: a sake aiki mai yawa. Alƙali na farko ya rubuta shafi biyu, kuma na yi kwana uku ban iya karanta shi har ƙarshe ba. Ya ce shafukana shida na ka'ida ba su taɓa ko amsar yaro ɗaya ba, ana iya cire su maƙalar ba ta rasa komi. Ya ce ban faɗi yara nawa na tambaya ba, ko yaushe, ko iyayensu sun sani. Na yi fushi, na ce wannan bai taɓa shiga rumfar zana ba. Mai yiwuwa haka ne, amma duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Alƙali na biyu layi kaɗan ya rubuta. Ya ce ya lura amsoshin da na kira kuskure duk kashi ɗaya cikin biyar ne na amsar da ake jira, kuma wannan ba ya kama da kuskure. Da wane harshe aka tambayi yaran? Mene ne ainihin abin da suka faɗa? Sannan ya ce in nemi aikin Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann na 1985, kan yara masu talla a birnin Recife na Birazil, waɗanda ke lissafi daidai a bakin titi su kasa shi a takarda. Mutumin da bai san dala ba, daga lambobi kawai ya hango abin da na binne. Na ji kunya ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi: na ba yarinyar nan zero a aji, na zo na sake ba ta zero a rubuce, da Faransanci mai kyau.

Kayen tana cikin akwatin ƙarfe a gidanmu, gara ta ci gefen shafuka bakwai. Sauran na kwafe su kalma kalma, Hausa a hagu, fassara a dama, ban gyara wa kowa magana ba. Brousseau ya koma shafi ɗaya. Na rubuta wa mujallar wasiƙa dabam, ina amsa maganar alƙalan ɗaya bayan ɗaya: wannan na gyara a shafi kaza, wannan ban yarda ba ga dalilina. An yarda marubuci ya ƙi, in yana da hujja. A wuri ɗaya na ƙi. Na farkon ya so in ba malamai shawarar su raba yara da dala tun daga CP. Na ce a'a. Yaron da ya iya dala ya riga ya iya jadawalin biyar kafin ya taka lakwal, a kan wannan za a gina masa.

Saura izinin iyaye. Na hau motar kasuwa zuwa ƙauyen, na bi gida gida. Mahaifin yarinyar yana ɗaure dami na same shi. Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya ce: "Malam, yanzu lissafin ƴar tawa ne Nasara za su karanta?" Na ce: "Eh, Baba, amma ba da sunanta ba." Ya ce to ai ba komi, sai dai ta bar lakwal tun bara, ita ke riƙe wa uwarta ciniki.

Na same ta a rumfar kayan miya. Ta gaishe ni, na gaya mata 105 ɗinta daidai ne, kuma na rubuta haka an aika ƙasar waje. Ta yi dariya ta ce: "Ai na sani, Mushe." Na sayi daddawa da kuka da barkono, ban gama fiddo waya in haɗa ba ta ce dala saba'in da biyu.

Maƙalar ta koma hannunsu wata biyu ke nan. Duk ranar Alhamis bayan darasi nakan sa kuɗin konekshon in duba.