Falalen Dutsen Bayan Gari

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Gwarzo a farkon shekarun 1990 ya san labulen mai hoto. Da sallah akan jera mu a gabansa da sabon ɗinki, a bayanmu ga wani dutse mai tsini da farar ƙanƙara a ƙololuwa, ga ruwa yana kwararowa, ga dogayen itatuwa da babu wanda ya san sunansu. Shi ne a kalandar shagon tela, shi ne kuma a bayan wasu manyan motocin da ke ratsa garin zuwa Dayi da Malumfashi. Don haka in aka ce wa yaro a aji ya zana dutse, tsini uku zai yi, da rana tana leƙowa ta tsakaninsu.

Wanda ya raba mu da wannan dutsen aro wani malamin zane ne da aka turo mana, wanda ya yi karatunsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya duba littattafanmu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin irin wannan dutse da idonsa. Aji ya yi tsit. Sai ya ce ranar Asabar kowa ya zo da gawayi da takardar buhun siminti, a haɗu a bayan gari.

Ƙasarmu ba ta duwatsu masu tokare sama ba ce. In ka taso daga Kano ta Rimin Gado ka ratsa ƙasar Kabo, gonakin dawa da masara da gyaɗa za ka yi ta gani, jefi-jefi dutse ya ɓullo a tsakiyarsu, wani mulmulalle, wani kwance kamar an kifa ƙwarya. Namu na kwancen ne. Kaka ce a lokacin, mata sun cika gefe guda da shanyar barkono da kuɓewa da yankakken tumatir. Malam ya hana kowa taɓa gawayi.

"Wane launi ne da shi?"

"Baƙi ne, Malam."

Ya sa muka durƙusa. Ashe toka-toka ne, da ɗigo-ɗigon fari da na ruwan hoda, wasu suna ƙyalli in rana ta doke su. Baƙin da muke hangowa daga nesa sawun ruwan damina ne, layi-layi, duk inda ya saba gangarowa. Ya nuna mana inda fatar dutsen ke ɓarewa falle-falle, ya ce shekara da shekaru na zafin rana da sanyin dare da ruwa ne suka yi wannan aiki. Ga wani ɓaure da ya cusa saiwarsa cikin tsaga har ya buɗa ta. Wata tsohuwa da ke gadin shanya ta ce, "'Yan nan, ku kula da barkonona." Da ta ga da gaske muke, ta taso da kanta ta nuna mana wasu gurabe masu santsi, ta ce tun tana yarinya a haka ta same su, kuma manya sun gaya mata niƙa ake yi a ciki. Ni su na zana a ranar, da inuwar da ke kwance a cikinsu.

Muna aiki Malam yana ba mu labari. Ya ce a 1958 wasu ɗalibai a Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa za su koyi dabarun Turawa amma abin ƙasarsu za su zana. Ya ce su ma a zamaninsu sun sha ɗaukar kwali su nufi dutsen Kufena, su zana shi da damina yana kore shar, su koma da hunturu lokacin da hazo ya kusa shafe shi. Ya ambaci Sezan na Faransa, wanda ya yi ta maimaita zanen dutse guda na kusa da garinsu har ya rasu a 1906, da Hokusai na Japan da ya fitar da dutsen Fuji ta fuska talatin da shida. Abin da ya tsaya mini shi ne, duka biyun dutsen ƙasarsu suka zana.

Da na koma gida mahaifina ya ga takardar a hannuna, ya ce in kawo.

"Hoton mutum ne?"

"A'a, Baba, dutsen bayan gari ne."

Ya daɗe yana dubawa, ya ɗora yatsa a kan ɓauren ya ce a gindinsa suke shan inuwa suna yara in sun fito kiwo. Sannan ya ce, "To, wannan babu laifi, ba mai rai ba ne." A ganina wannan magana tana da nauyi a tarihin zanen zamani a ƙasar Hausa. Yaro da yawa da za a ƙwace wa burushi in ya zana fuska, ta hanyar dutse da itace da ganuwa ya samu izinin iyaye. Ba kuma yau dutse da zane suka haɗu a wajenmu ba: a Birnin Kudu, wadda take cikin Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, akwai shanu marasa tozo waɗanda mutanen dā suka zana a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Dala ma, da labarin Barbushe da Tsumburbura, har gobe masu zane a Kano ba su gaji da shi ba.

Lokacin da takardar naira ɗari ta fito a 1999 da dutsen Zuma a bayanta, na ga wani mai fenti a tasha ya kafa ta a gabansa yana kwafa a jikin mota. Na ji daɗi, ko ba komai dutsen Nijeriya ne. Amma na so a ce ya taka bayan gari.

Yanzu ko ya taka, rabi zai tarar. Gine-gine sun yawaita, tsakuwa ta yi kuɗi, masu fasa dutse suna hura masa wuta su bi shi da guduma, tifa tana kwashewa. Ba na ganin laifin talakan da ke neman abinci da gumin goshinsa, amma gefen da guraben suke ya tafi, kuma babu hukumar da ta auna su ko ta ɗauki hotonsu. Mata da yawa sun koma shanya a bakin kwalta, cikin ƙura da hayaƙin mota.

Ɗan yayata yana karatun zane a Kano, yana kuma tallar aikinsa ta Facebook. Da ya zo hutun sallar bara na kai shi wurin, muka zaga abin da ya saura. Ya ce, "Kawu, har da inda aka fasa zan zana?" Na ce masa da nan zai fara.