Abin da ke ƙarƙashin bolan: zagayen garejojin Maraɗi

Wanda ya shigo Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, kwanakin da babbar kasuwa ke ci, zai iske tsofaffin motoci Hiace sun cika tasha, wasu daga Tasawa da Gazawa, wasu daga Madawa da Gidan Rumji, wasu kuma sun ƙetaro daga Jibiya ta Ɗan Isa. Da yawansu ƙirar da kamfanin Toyota ya yi ne tsakanin 1989 da 2004. Sun gama aikinsu a Turai, aka sauke su Kwatano, suka hawo ta Gaya, aka ƙara musu kujeru har suna ɗaukar mutum 19, ban da buhunan gero da akuyar da ke ɗaure bisa rufi. Asibitinsu kuwa yana bakin hanyoyin da ke fita gari, ƙarƙashin dogon yaro, inda tsohon mai ya rine ƙasa ta yi baƙi ƙirin, yara ƴan koyo suna kai da komowa da sifana a hannu.

Garejin Maraɗi baki biyu gare shi, don Katsina ba ta da nisa. Abin da wannan ya kira bolan, wancan sitiyari yake cewa, kalakson ɗin wannan shi ne hon ɗin wancan, kuma kowa na fahimtar kowa. Sandunan nan da ke gefen bolan, masu kunna fitila da sigina da abin share gilashi, komodo ake ce musu. Inda ake zura makulli kuma neman. Mutum zai zaci Hausa ce, alhali sunan Abram Neiman ne, wanda ya ƙago makullin da ke kulle bolan cikin shekarun 1930, sunansa ya bi abin har ya iso bakin Gulbi.

Na lura cewa inji da taya su ke cin kuɗin masu mota, domin in sun ƙi, mota ba ta tashi, ciniki ya tsaya. Komodo kuwa ko ya mutu mota tana tafiya. Shi ya sa rumfar mai gyaran wuta ta fi kowace ƙanƙanta a gareji: teburi guda, gwangwanin tsofaffin fis, da ƙwan fitila mai waya biyu da yake gwada wuta da shi. Amma aikin da ake yi a wannan rumfa ya cancanci a tsaya a kalla.

Gwani ba ya taɓa komai sai ya cire kan batir. Daga nan ya daidaita tayoyin gaba su fuskanci gaba sosai, ya yi alama da alli a kan bolan da kan sandarsa, don in an tashi mayarwa haƙori ya koma inda ya fito. In aka kuskure haƙori biyu kawai, direba zai riƙa tafiya da bolan a karkace. Babban notin tsakiya ana sassauta shi ne a bar shi a wurinsa, sa'an nan a jijjiga bolan a jawo, don wanda ya cire notin gaba ɗaya, bolan na iya kuɓucewa ya daki haɓarsa. Da an ɗaga, sai ka ga ƙurar hunturu ta shekaru ta cakuɗe da tsohon giris ta zama kamar ƙullun tuwo. A bayan bolan akwai zoben tagulla da wani ɗan ƙarfe ke gogawa, ta nan wutar kalakson ke bi. Akwai kuma ɗan haƙorin roba da ke mayar da sandar sigina wurinta bayan an gama kwana. In ka ga mota ta miƙe hanya tana ta ƙyafta ido ɗaya tun daga Tsibiri, wannan haƙori ne ya karye.

Cutar da ta fi yawa ita ce ƙonewar bakin tagulla da ke sauya fitilar kusa da ta nesa. Dalili a fili yake. Ƙwan da aka ƙera motar da shi wat 55 ne na kusa, 60 na nesa, biyun suna jan wajen amper 10. Direba ya ga dare ya yi duhu, sai ya sayo mai wat 100, biyun su ja wajen amper 17 ta cikin bakin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Tagulla ta yi zafi, robar da ke riƙe da ita ta narke. In fis ya tsinke don ya ceci waya, sai a naɗe shi da takardar sigari mai ƙyalli ko zaren tagulla, an kashe mai gadi ke nan an bar ƙofa buɗe. Gyaran gaskiya shi ne a goge bakin ya yi haske, a sa rele, wato ɗan akwatin da ke ɗaukar nauyin wutar kai tsaye daga batir, komodo ya zama mai ba da umurni kawai. Gyaran sauri kuwa, a huda gaban mota a liƙa makunni irin na ɗaki, wayoyi na reto kan gwiwar direba. Mai gyara ya san duka biyun. Mai mota ne ke zaɓa, sau da yawa yana zaune cikin kantinsa, direba ya aiko da kuɗin da ba su isa na farkon ba.

Neman shi ma yana da nasa. Tarin makullan gida da na sito da ake ratayawa a jikinsa suna cinye cikinsa sannu a hankali, har makulli ya riƙa zarewa mota na tafiya. Haɗa wannan da al'adar kashe inji a gangare don tsimin mai, za ka gane yadda bolan ke kulle kansa da mutane cike a ciki. Ƙusoshin da ke riƙe da neman ba su da kai, da gangan aka yi su haka saboda ɓarayi, sai da guduma da ƙarfe mai kaifi ake juyo su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne walda. Sandar bolan ba ƙarfe guda ba ce. An yi ta ne ta shige cikin kanta in an yi karo, don kada ta soki ƙirjin direba, a ƙasanta kuma akwai gaɓa da ake kira kardan. In gaɓar ta ci, bolan ya yi wasa, mai neman sauƙi sai ya kai wa mai walda a ɗinke. Wasan zai ɓace, gaskiya ne, amma sandar ta zama mashi, kuma ɗinkin yana iya tsagewa a ramin farko.

Ba za a ɗora wa kanikawa laifin duka ba. Tun da aka karya darajar sefa cikin Janairun 1994, kayan gyara na asali suka ninka kuɗi, mutane suka koma ga na gwanjo, daga Ƙofar Ruwa ta Kano ko Katako ta Yamai. A 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma zagayowa ta Lome, tsada ta ƙaru. Duk da haka tsofaffin kanikawa sun fi yarda da komodon da aka ciro daga matacciyar mota bisa sabo mai arha wanda tagullarsa ba ta fi fatar albasa kauri ba.

Daga Maraɗi zuwa Damagaram wajen kilomita 235 ne, ta Cadawa, Agye, Tasawa da Takeita, kuma motar da ta cika da la'asar cikin dare za ta yi rabin tafiyar. A kan wannan hanya akwai amalanken shanu da ba su da fitila, akwai babbar mota da ta lalace aka jera mata rassan itace a baya. Ɗan kasuwa da kayansa, ma'aikaci mai komawa bakin aiki, duk sun dogara ga ɗan bakin tagullar nan ya kama sa'ad da direba ya taɓa sanda. Shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa ba ya sallamar mota da rana tsaka. Yakan jira magariba ta kawo kai, ya sa a fuskantar da ita ga bango, ya ce wa yaronsa ya tsaya a baya. A kunna ta kusa, a kunna ta nesa, siginar dama, siginar hagu, a juya bolan har ƙarshe kowane gefe ana danna kalakson. Bayan ƴan mintoci ya ɗora bayan hannunsa kan komodo, ya ji ko ya ɗauki zafi.