Kaza Da 'Yan Tsaki A Dazuzzukan Natal

Matafiyin da ya bar birnin Durban ya kutsa dazuzzukan KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, zai tarar da wata ciyawa mai dogayen ganye shimfiɗe a inuwar itatuwa. Turawa na kiranta shukar gizo-gizo, wasu kuwa kaza da 'yan tsaki, saboda 'ya'yan da ke reto a rassanta.

Mai son ta rayu masa a ɗaki, sai ya tuna gidansu. Haske take so, amma rana ƙona ta take yi. Saiwarta na ajiye ruwa, don haka yawan ban-ruwa ruɓar da ita yake yi. In ana son iri, a dasa ɗan tsako a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kada a raba shi da uwa sai ya yi saiwa.