Kumburin da na ɗauka ƙiba ce

'Yar ƙanena ta zo Accra daga wani ƙauye kusa da Walewale, shekarar da fari ya cinye masu masara. Ta sauka wurina a Nima da goyonta ɗan shekara ɗaya da rabi, ta shiga dakon kaya a Makola. Tun asuba take fita, yaron yana hannuna, kuma ni na matsa mata ta yaye shi.

Koko nake ba shi safe, rana da dare, tsinkakke da sukari. Ƙwai kuwa na hana, don an rene mu a kan cewa yaron da ya saba da ƙwai sata zai koya. Da kumatunsa suka ciko, ƙafafunsa suka yi nauyi, har maƙwabta nake nuna wa, ina cewa ruwan Accra ya karɓe shi. Gashinsa ya yi ja, ya daina wasa, na ce haƙori ne.

Ranar awo a asibitin Maamobi, nas ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi cikowa.

"Hajiya, wannan ruwa ne. Tamowa ce ta kama shi."

Aka tura mu asibitin yara na Princess Marie Louise, inda Dakta Cicely Williams ta bayyana wannan ciwo tun 1933, a jikin yaran da aka yaye da kunun masara zalla. Abin da likita ta gano a garin nan kafin a haifi uwata, shi na yi wa jikana da hannuna.

Madarar F-75 aka fara ba shi, kaɗan-kaɗan, dare da rana, domin cikin da ya galabaita ba ya ɗaukar abinci mai nauyi. Kumburin ya saɓe, haƙarƙari ya fito. Uwarsa ta fashe da kuka: "Goggo, sun ramar min da yaro!" Ni kam na gane a ranar na fara ganin ainihin jikinsa. Daga baya aka koma Plumpy'Nut, gyaɗa da madara a ƙaramar leda, ya warke.

Gyaɗa, wake, busasshen kifi, duk suna kasuwar Nima, kuma ba su fi ƙarfin aljihuna ba. Yanzu su nake dakawa in zuba masa a koko, ƙwai ma yana ci.

Ke mai riƙon ɗan wata, in kika ga ƙafarsa ta cika, danna ta da yatsa. In ta lotsa, kai shi asibiti a ranar.