Daga Boɗinga Zuwa Shagari Neman Keken Makaranta

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu ya shiga cin albashina kamar gara. Gidanmu yana bayan garin Boɗinga, makarantar yarana biyu kuma sai an sauka daga kwalta an bi hanyar burji mai tsakuwa, an ratsa wani ɗan kwari da yashi ke taruwa. Duk ranar da na kwana aiki a asibiti, in mai mashin bai zo ba, babban sai ya taka da ƙafa, ƙanwarsa mai shekara 8 ta zauna gida. Da na ƙirga kwanakin da ta rasa a zango ɗaya, sai na ce wa maigidan, ɗaukar adashina ta wannan wata keke za ta saya.

Na farko a nan Boɗinga muka gan shi. Baƙi ne, dogo, sabo fil, irin Raleigh da Phoenix ɗin da iyayenmu suka hau: ba giya, sarƙarsa a rufe, ga kariya mai faɗi a baya da za ta ɗauki buhun gero. Yarona mai shekara 13 ya kalle shi ya turo baki.

"Inna, wanga ai keken tsofaffi na."

Shi wanda ya gani a waya yake so, irin wanda Turawa ke ƙerawa musamman don hanyar da ba kwalta, mara nauyi, mai giya da taya mai ƙwari. Ana cikin haka Kawuna na Shagari ya kira, ya ce akwai mai kawo kekuna 'yan Belgium kusa da shi, kuma ya ga irin wannan a wurinsa. Ranar Asabar muka tari mota a bakin titi.

Lokacin hunturu ne, an gama girbi. Hanyar da ta fito daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega ita muka bi, ta ratsa ƙasar Yabo. Hazo ya rufe gonaki, ba ka ganin komai sai kututturan gero da rumbuna, sai koren albasa inda fadama take. Ga raƙuma ɗauke da kara, ga jakuna, ga kekuna masu jarkoki huɗu-huɗu na ruwa. Na lura duk keken da ke ɗauke da kaya baƙin nan ne. Ban ce komai ba.

Abin da na yi shi ne ba shi labarin ƙasar da muke ratsawa, don yaran yanzu waya ta fi su sanin gida. A Sifawa, nan cikin ƙaramar hukumarmu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma yana Boɗinga a lokacin. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983, a Yabo ya yi elementare, kuma malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. A garin da za mu aka binne shi a Disambar 2018. Na ce masa, ka ga ƙasar nan tun da can mutanenta tafiya suke yi neman karatu.

Bayan mun sha fura a zauren Kawu, aka gungumo keken. Gaskiya ya yi kyau. Shuɗi ne, da hannu ɗaya nake iya ɗaga shi. Yaron ya hau ya bi wata hanya mai yashi da ta nufi wajen madatsar ruwa, ya canza giya, ya wuce kamar ba yashin. Ya dawo haƙora waje. Kuɗinsa ya ɗara na baƙin kaɗan, amma adashin zai iya. Saura ƙiris in ce a ɗaure mana shi.

Kawu ne ya ce, "Ɗiyata, mu kai shi ga mai faci tukuna. Mai saye da ido shika saye, mai gyara shi ya san ciki."

Dattijon yana ƙarƙashin dogonyaro da kwanon ruwansa na neman huji. Ya juya keken ya ɗaga ƙafafunsa sama, ya murza feda, ya nuna mini ƙananan haƙoran giyar. Ya ce ƙurar hunturu in ta haɗu da mai, ita ke cinye su tare da sarƙar, kuma in abin canza giyar ya lanƙwashe, sai an je Sakkwato nema, ba lallai a samu daidai da shi ba. Shi kuwa baƙin, tayarsa mai lamba 28 da tiyub da duk ƙarafunansa, kowace kasuwar ƙauye akwai su. Bai ɓoye laifinsa ba: yana da nauyi, birkinsa ba ya kamawa sosai in an yi ruwa, kuma a yashi sai an sauka an tura. Sannan ya tambaye ni, "Hajiya, yaro guda za ya ɗauka ko biyu?"

Sai a lokacin na dubi bayan shuɗin keken da kyau. Ba kariya, ba kuma wurin ɗaura mai ƙarfi. An yi shi ne don mutum ɗaya da gorar ruwansa. Ni kuwa wadda ta fi rasa makaranta tana gida, ko zuwa ba a yi da ita ba.

A mota yaron bai yi mini magana ba har muka wuce Yabo. Na ce masa na san wancan ya fi daɗin hawa, ban kuma ce ya yi kuskure ba, amma kuɗin ɗaya ne, yaran biyu ne. Can ya ce, "To a sa mini ƙararrawa babba." Aka yi haka.

Iyaye mata, ga abin da aikina ya koya mini, don Allah ku riƙe shi. Na sha wanke ƙafar yaran da aka goya a bayan keke, dugadugansu ya shiga wayoyin taya. Raunin yakan yi kamar ƙarami a ranar farko, bayan kwana biyu fatar ta yi baƙi, ya daɗe bai warke ba. In ya faru, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a zuba toka ko man birki, a kai asibiti a duba ƙashi a kuma duba maganar allurar tetanus. Shi ya sa kafin keken ya shigo gida na kai shi wurin mai walda, ya sa matakin ƙafa hagu da dama, ya rufe gefen tayar baya da raga. An sauke sirdin har ƙasa don ƙafar yaron ta kai, kuma ba mai hawa sai da takalmi rufaffe.

Yanzu zango guda ke nan. Sun faɗi sau ɗaya a kwarin nan, gwiwa ta ɗan kurje, tun daga nan suke sauka su tura tare. Tsidau ya huda taya sau uku, mai facin bakin makaranta ya like kafin a tashi. Kwanan yarinyar biyu kacal a gida, su ma zazzaɓi ne.

Hoton shuɗin keken yana nan a wayata, yaron ya hana a goge. Ya buɗe asusu, ya ce in ƙanwarsa ta isa tuƙa baƙin da kanta, zai koma Shagari. Na yi masa alkawarin kuɗin mota.